Gyara Kayanka: Hannun Durowa Idan Ya Lalace

(KIƊAN TAKEN SHIRI, SANNAN A RAGE SAUTI)

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen unguwar Ali Kazaure da ke Jos, da maƙwabtansu na Gangare, da Garba Daho, da Sarkin Arab, da Abba Na Shehu, har zuwa Unguwar Rogo da Rikkos. Iyayenmu mata da ke ɗaki, da kafintocin da suka ajiye rediyo a gefen benci, sannunku da aiki.

Yau a kan hannun durowa za mu tattauna. Na san wani zai ce, duk abubuwan da ke damun jama'a a rasa na kawowa gidan rediyo sai hannun durowa? To ɗan'uwa, ba ni aron kunnenka tukuna.

Ku shiga ɗakin matar aure da ta shekara biyar ko shida da tarewa, ku dubi durowar kayanta mai hawa biyar. Ta sama hannunta lafiya lau, don ba a cika buɗe ta ba. Ta biyu hannun yana reto a kan sukuru ɗaya. Ta uku hannun ya daɗe da ɓata, an zura ƙyallen atamfa ta hudojin nan biyu an ƙulle ta ciki. Ta huɗu duk bakinta ya ɓantare, saboda da wuƙa ko gindin cokali ake ɓamɓaro ta. Ta ƙasa kuwa ba a rufe ta ruf, ana barin 'yar kafa inda yatsa zai shiga. Wannan durowar uba ne ya biya kuɗinta da guminsa, wataƙila ma sai da ya ci bashi kafin a yi jere. Ba gara ce ta ci ta ba, ba ruwan sama ne ya doke ta ba. Sukuru ɗaya ne ya kwance, aka ce sai gobe.

Ga yadda ɓarnar ke tafiya. Sukuru ɗaya ya saki, ɗayan ya ɗauki nauyin biyu, kullum aka ja sai ya ƙara buɗa hudarsa, har ranar da zai yago katakon ya fito. Daga nan a koma sa wuƙa. Wuƙa ta ɗaye fomaika ko ledar da aka manna a fuskar katakon. Inda ta ɗaye nan laima ke shiga, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Durowar da ba ta rufuwa kuma ƙofa ce ga ƙura da kyankyaso da ɓera. Kafin a ankara an fitar da ita tsakar gida an ɗora mata tukwane. Abin da sukundireba zai gyara kafin ruwan shayi ya tafasa, ya zama sai an sayi sabuwa.

(KIƊA KAƊAN)

Kafin mu ɗauko kayan aiki, mu fara da tambayar da ta fi muhimmanci: me ya karya hannun? Domin idan aka sa sabo ba a magance dalilin ba, sabon ma hanyar tsohon zai bi.

Dalili na farko yanayin garinmu ne. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, damina tana kama mu tun daga Afrilu har Oktoba, a Yuli da Agusta kuwa sai a kwana a wuni ana yayyafi, shanya ta ƙi bushewa. Katako yana shan laimar da ke cikin iska, ya kumbura. Shi ya sa durowar katako ke cijewa da damina, sai an dafe da ƙafa an fizga. Duk wannan fizgar a kan hannu take ƙarewa. Idan hunturu ya shigo a Disamba da Janairu, iska ta bushe ƙayau, katakon ya tsuke, sukurun da aka ɗaure tam sai ya sami sarari ya fara rawa. Wato damina tana sa a wahalar da hannun, hunturu yana kwance shi, shekara bayan shekara.

Dalili na biyu lodi. Durowar da aka yi don ƙananan kaya, a danna mata turamen atamfa da leshi da shadda, a ƙara da takardun makaranta da kwalaben turare. Gindinta ya lotsa, ya riƙa gugar ta ƙasa. Dalili na uku, durowa mai faɗi mai hannu biyu a riƙa jan ta da hannu ɗaya, ta karkace ta cije. Na huɗu kuma yara, waɗanda a wurinsu hannun durowa matakala ne. Za mu dawo kan maganar yara, don tana da nauyi.

Sai kuma a san da wane irin katako aka yi durowar. Durowar iyayenmu ta da, da katako na gaske aka yi ta, maɗaci ko loko, irin wanda ko sukuru ya saki za a iya cike hudar a mayar. Yawancin kayan ɗakin amaren yanzu kuwa da allon MDF ake yi, wato garin katako da aka kwaɓa da gam aka matse da inji, aka lulluɓe fuskarsa. Yana da kyau a ido, yana da santsi, amma ba ya riƙe sukuru kamar katako, kuma idan ruwa ya shige shi sai ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, ko ya bushe ba ya komawa yadda yake. Kowanne da yadda ake bi da shi.

(KIƊA KAƊAN)

To uwargida, maigida, ga aikin daki-daki. Kuma uwargida, wannan ba aikin da sai an jira maigida ya dawo daga kasuwa ba ne, ke ma za ki iya.

Da farko a kwashe kayan ciki, a zaro durowar gaba ɗaya a ɗora a kan tabarma ko tsohon bargo, kada fuskarta ta goge da siminti. Ta katako zarowa kawai ake yi. Mai layin ƙarfe da 'yar taya, idan ta zo ƙarshe sai a ɗaga gabanta sama kaɗan ta fito. Mai layin ƙarfe da ƙananan boris kuwa tana da ɗan harshen roba a kowane gefe, ɗaya a danna ƙasa, ɗaya a ɗaga sama a lokaci guda, sai a ja. Idan durowa fiye da ɗaya za a cire, a rubuta lamba da fensir a bayan kowacce, don sau da yawa kowacce da raminta.

Sai a leƙa ciki, bayan hannun. Yawanci za a ga kawunan sukuru biyu, ko ɗaya idan hannun mai dunƙule ne. Waɗannan sun ratsa katakon daga ciki sun shige cikin hannun. Wani hannun kuma daga waje aka ɗaure shi da sukurun katako mai tsini. Na tsofaffin durowoyi, mai zobe da ke reto, da noti ake kama shi ta ciki, wannan sai da filaya ko ƙaramin sifana.

A duba kan sukurun: mai tsaga ɗaya ne ko mai kuros? A samo sukundireban da ya zauna masa daram. Kada a sa wuƙa, kada a sa sukundireban da ya yi ƙanƙanta, don da zarar kan sukurun ya cinye, ƙaramin aiki ya zama babba. Hagu ake juyawa a kwance, dama a ɗaure. A danna da ƙarfi, a juya a hankali. Idan ya yi tsatsa ya ƙi motsi, a ɗiga masa kananzir ko man keken ɗinki a ba shi lokaci ya jiƙa. Idan kan ya riga ya fara cinyewa, a shimfiɗa ɗan faffaɗan roba, irin kyauron da ake ɗaure kuɗi da shi, tsakanin sukundireba da sukurun, yana taimakawa ya kama. Idan kuma an taɓa yi wa durowar fenti ya bi ta kan hannun, a zagaye gindinsa da reza kafin a cire, in ba haka ba zai taho da fentin fuskar.

Yanzu a dubi abin da ya lalace. Sau da yawa hannun lafiyarsa ƙalau, sukurun ne kawai ya kwance ko ya ɓata. Wannan ɗaurewa ce kawai, ko a sayo sukuru. Wani lokaci zaren da ke cikin ramin hannun ne ya cinye, sukuru yana ta juyawa ba ya kamawa. A gwada sukuru mai ɗan ƙarin tsawo, wataƙila akwai sauran zare mai kyau a can ciki. In babu, sai sabon hannu. Wani kuma ya karye gida biyu. Yawancin hannayen nan masu ƙyalli kamar zinare ko azurfa, zubi ne na ƙarfe mai zinki, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Kada a ɓata kuɗi wurin mai walda, kada kuma a dogara da sufa gulu, ranar da aka fizga zai sake rabuwa, wataƙila har ya yanki yatsa.

(KIƊA KAƊAN)

Masu sauraro, ga wurin da na fi so ku riƙe, ko da kun manta sauran. Kafin a tafi kasuwa, a yi awo. Kuma ba tsawon hannun ake aunawa ba. Tazarar da ke tsakanin hudojin nan biyu ake aunawa, daga tsakiyar wannan huda zuwa tsakiyar waccan.

Masu ƙera hannayen nan ba da ka suke yi ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, masana'antun kayan katako na Turai sun daidaita a kan tazarar milimita 32 wajen huda alluna, aka wayi gari yawancin hannayen da ke kasuwa a kan wannan lissafi suke tafiya: milimita 64, da 96, da 128, da 160, da 192. Wanda aka fi samu a durowar ɗaki shi ne 96 da 128. Akwai kuma na awon inci, musamman a tsofaffin kaya da waɗanda aka shigo da su daga Amurka, inda inci 3 ya yi yawa, wato kusan milimita 76. To kun ga wanda durowarsa 76 ce, ya je ya sayo 64 ko 96 don ya ga sun yi kama a ido, ya yi asarar kuɗin mota.

Rular ɗan makaranta ta isa wannan awo, tef ɗin tela ma ya isa. Wanda bai saba da karanta milimita ba, ga dabara: a ɗora farar takarda a fuskar durowar, a soka fensir ta cikin hudojin biyu, a naɗe takardar a sa a aljihu. In an je shago sai a ɗora sabon hannun a kai a gani da ido. Mafi sauƙi kuma, a tafi da tsohon hannun da sukurunsa, ko da ya karye.

Awo na biyu kaurin katakon ne, don shi zai nuna tsawon sukuru. Sukurun waɗannan hannaye kusan duk kauri ɗaya ne, milimita 4, 'yan shago suna ce masa M4. Tsawon ne ke bambanta. Ana so ya ratsa katakon ya yi saura kamar milimita 6 zuwa 8 da za su shiga cikin hannun. Allon da ke da kaurin milimita 18, sukuru mai 25 ya yi masa. Amma a lura, wata durowar fuskarta biyu ce, akwai akwatin ciki, an manna masa allon ado a gaba. Irin wannan sai mai 35 ko 40 ko fiye. Sukurun da ke zuwa cikin ledar sabon hannu ba lallai ya dace da taku durowar ba, shi ya sa ake tafiya da tsohon.

Ina za a samu? Daga Ali Kazaure ba nisa. Akwai masu sayar da kayan kafinta a wajen Kasuwar Katako da ke Laranto, inda kafintocinmu ke sayen katako. Akwai kuma shagunan kayan ƙarfe a kewayen Taminus, inda 'yan kasuwa suka bazu a tituna tun bayan gobarar babbar kasuwa a watan Fabrairun 2002. Kafintan unguwa ma sau da yawa yana da gwangwani cike da tsofaffin hannaye da sukurori, a fara tambayarsa. In aka shiga shago aka ce, "Alhaji, handul nake so na 96, da sukuru mai 25," mai shagon ya san ba baƙo ne ya zo ba.

Wajen zaɓe, araha ba ta ado. A ɗauki hannun a ji nauyinsa. Na roba da aka shafa wa ruwan zinare ba ya nauyi, kuma shi ke fara tsagewa. A karɓi sukuru a murza shi cikin ramin hannun tun a gaban mai shago, duka ramukan biyu, a tabbatar zaren yana kamawa. A shafa gefensa da yatsa, kada ya zama mai kaifi ko mai ƙugiya da za ta riƙa kama hijabi da zani. A zura yatsu a ga ko sun shiga a sake, domin hannun da yatsu biyu kawai ke shiga wahala ne ga tsofaffi. Idan an ce muku tagulla ce, a kara mata maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ne. In ya kama, baƙin ƙarfe ne aka shafe, zai yi tsatsa da damina. In bai kama ba, to ko tagulla ce ko zubin zinki, a ɗan kankari bayansa a gani: tagulla rawaya ce har ciki, zinki kuwa fari-fari ne.

Idan ba a sami irin tsohon sak ba, akwai zaɓi biyu. Ko a canja duka gaba ɗaya, ko a ɗauko na durowar ƙasa a cike gurbin na sama, a sa sababbi a layin ƙasa su kaɗai, sai ya zama kamar haka aka tsara. Kuma a ƙara ɗaya a kan adadin da ake bukata a ajiye, don samfurin da ke kasuwa bana ba lallai a same shi baɗi ba.

(KIƊA KAƊAN)

Idan yanzu kuka kama mu, shirin Gyara Kayanka ne, muna magana a kan canja hannun durowa. Mun kwance, mun auna, mun sayo. Saura ɗaurawa.

A goge wurin da tsumma mai ɗan danshi a bar shi ya bushe. A zura sukurori daga ciki, kowanne da washa a ƙarƙashin kansa. Wannan 'yar washar ita ke raba nauyi, ta hana kan sukurun nutsewa cikin allo, musamman MDF. A fara murza duka biyun da yatsa kafin a ɗaure ko ɗaya. Idan aka ɗaure na farko tam, na biyun ba zai sami raminsa daidai ba, a tilasta shi a karkace, zaren ya lalace tun ranar farko. Bayan duka sun kama, a bi su da sukundireba, wannan kaɗan, wancan kaɗan, har hannun ya daina motsi. Daga nan a tsaya. Ƙarin murzawa ba ƙarin ƙarfi ba ne, cinye zare ne.

Idan an murza har ƙarshe amma hannun yana rawa, sukurun ya yi tsawo, ya taɓo ƙarshen rami. A ƙara washa ɗaya ko biyu. Ko a rage shi da zarton ƙarfe, amma a fara murza masa noti kafin a yanka, in an gama a kwance notin, shi zai gyara bakin zaren. Akwai ma dogon sukuru mai gaɓa-gaɓa da ake karyewa da filaya a inda ake so. Don kada ya riƙa kwancewa da hunturu, a ɗiga ɗigo ɗaya na jan farce a kan zaren kafin a ɗaure. Yana riƙewa, kuma ba ya hana kwancewa ranar da ake bukata.

To idan hudar ce ta buɗe fa? Ga hannun da aka ɗaure daga waje da sukuru mai tsini, a samo tsinken ashana uku ko huɗu, a karye kawunan a yar, a tsoma su a farin gam na kafinta, irin su Top Bond, a cusa a ramin har ya cika, a yanke abin da ya fito. A bar shi ya kwana. Washegari a mayar da sukurun, zai sami abin kamawa. Ga wanda ya ratsa daga ciki kuma, idan allon ya yage a bayan, a yanko ɗan falankin filawud da ya fi wurin faɗi, a huda shi daidai da tazarar, a manna ta ciki da gam, a sa sukuru mai ƙarin tsawo. Wannan gyara ya fi yadda kamfani ya yi shi ƙarfi.

Idan kuma dole sai an yi sababbin hudoji, saboda hannun da aka samu tazararsa daban ce, nan ake bukatar natsuwa. Kada a yi amfani da tsohuwar huda ɗaya a ƙara ɗaya a gefe, hannun zai koma gefe guda, kullum ido yana kai. A toshe tsofaffin biyun da tsinke da gam, a cike saman da garin katako da aka kwaɓa da gam, in ya bushe a goge da samfefa mai laushi, a shafa abin da ya dace da launin. A nemo tsakiyar fuskar durowar, a raba tazarar biyu, rabi dama rabi hagu. In durowa da yawa ne, a yi ma'auni ɗaya da kwali a bi da shi duka, don hannayen su tsaya a layi ɗaya daga sama har ƙasa. A manna tef na takarda a wurin kafin a huda, a huda daga waje zuwa ciki da bakin injin huda mai milimita 5, a kuma tokare bayan da guntun katako don kada allon ya fashe inda bakin zai ɓulla. Kada a huda da ƙusa da guduma, kada a huda da ƙusa mai zafi. Wanda ba shi da injin huda, ya ɗauki durowar ita kaɗai ya kai wa kafinta, ba sai an kira shi gida ba. Kuma in ya yi, a biya shi haƙƙinsa, kada a ce ai ɗan wannan ne.

Masu tsohuwar durowa ta gado, mai hannun tagulla, ku yi hattara. Wannan baƙin da ya yi ba lalacewa ba ne. A cire shi a goge da lemun tsami da gishiri, a ɗauraye, a shanya, zai dawo. Kada a ba 'yan gwangwan shi a kuɗin da bai taka kara ya karya ba, a je a sayo na roba.

(KIƊA KAƊAN)

Kafin a mayar da durowar, a magance abin da ya jawo. In ta katako ce, a goga kyandir ko busasshen sabulu a gefunanta da kan katakon da take zamewa a kai. In har yanzu tana cijewa, a duba inda ya yi sheƙi saboda guga, a rage shi da samfefa kaɗan. Na ce kaɗan, domin wanda ya fere ta da yawa a Agusta, a Janairu zai tarar tana ƙwal-ƙwal a raminta. In mai layin ƙarfe ce, a share ƙura da gashi da zaren da suka naɗe, a ɗaure sukurorin layin, a ɗiga man keke. A rage lodi. A ɗan janye durowar daga jikin bango mai laima, a ɗora ƙafafunta a kan guntayen katako ko tayil, don ruwan goge ɗaki kada ya riƙa taɓa gindinta.

Yanzu maganar yara da na yi alkawari. Yaro yana jawo durowar ƙasa ya taka, ya kama hannun ta sama ya hau, don ya ɗauko abin da ya hango. Da zarar durowoyi biyu ko uku sun fito, nauyi ya koma gaba, sai dukan abin ya kifo a kansa, har da talabijin ko madubin da ke sama. Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Yunin 2016, kamfanin IKEA ya janye durowoyi kusan miliyan 29 a Amurka bayan irinsu sun faɗo sun kashe ƙananan yara, kuma a ƙarshen 2022 ƙasar ta yi doka ta musamman a kan tsayuwar irin waɗannan kaya. Mu a nan babu mai zuwa ya duba mana ɗaki, mu ne za mu duba. Kuma ku lura, sabon hannu mai ƙarfi ya fi tsohon daɗin kamawa ga yaro. Don haka ranar da aka gyara hannu, a ranar a kafe durowar a bango: ƙarfen kusurwa biyu a sama ta baya, sukuru ɗaya a katako, ɗaya a bango da fulogi. Masu haya, huda biyu ce ƙanana da siminti cokali ɗaya zai toshe, a yi wa mai gida bayani. Kaya masu nauyi su koma ƙasa, marasa nauyi a sama. Kada a ajiye alewa ko waya ko rimot a kai inda yaro zai hango. Kuma lokacin aikin, sukurori da washa a zuba su a kofi a ɗora sama, kada mai rarrafe ya kai baki.

Masu shirin aurar da 'ya'ya, ku ma ga naku. Ranar da kuka je karɓar kaya wurin kafinta, kada kyan fenti ya ɗauke muku hankali. Ku jawo kowace durowa, ku girgiza hannun, ku leƙa ciki ku ga ko an sa washa. Ku tambaye shi lambar hannun, ku roƙi ya ƙara muku biyu a leda. Kafintocinmu kuma, don Allah a daina soka sukurun katako mai tsini cikin hannun da aka yi wa zaren M4 don ana sauri. Yana kamawa a ranar, amma ya kashe zaren, kuma sunan shagonku ne a jikin kayan.

To jama'a, lokaci ya yi halinsa. A taƙaice: hannu ya fara rawa, a ɗaure shi a ranar. Za a sayi sabo, a auna daga tsakiyar huda zuwa tsakiyar huda, a tafi da tsohon. A sa washa, a ɗaure sannu. A gyara abin da ke sa durowar cijewa. Gidan da ke da yara, a kafe ta a bango. Sau biyu a shekara, farkon damina da tsakiyar hunturu, a bi dukan hannayen ɗaki da sukundireba, har na kabad ɗin kicin da na sif.

A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu duba ƙofar sif da ta sauka ta ƙi rufuwa, da yadda ake saita fatta ba tare da an cire ƙofar ba.  

(KIƊAN RUFE SHIRI)